Daga Tazargaden Sin Zuwa Zazzaɓin Zamfara: Tarihin Abin Da Jiki Ke Yi Wa Magani

Mai karatu, duk wanda ya san yammacin Zamfara ya san cewa damina tana zuwa mana da abu biyu, wato albarkar gona da kuma zazzaɓi. Da zarar Gulbin Zamfara ya cika, fadamun Gummi da na Bukkuyum suka sha ruwa, kududdufan Anka suka tumbatsa, to sauro ya samu gidan haihuwa ke nan. Daga watan Agusta zuwa Oktoba da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaro kwance jikinsa rau da zafi ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Zamfara, wajen 37 na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, alhali a Nijeriya baki ɗaya 22 ne.

Abin da ake ba mu a asibiti ko a kemis shi ne ƙwayoyin nan rawaya, guda 24 ga babba, a sha huɗu-huɗu sau shida cikin kwana uku. Kowa ya san su. Amma kaɗan ne suka san cewa rabin wannan magani daga wani ganye aka samo shi, ɗan'uwan tazargaden da iyayenmu mata ke saye wurin 'yar mai ganye, kuma asalinsa maganin gargajiyar Sinawa ne. Tarihinsa nake son in kawo a yau, domin yana ɗauke da darasi guda da nake ganin ya shafi rayukan 'ya'yanmu: haɗiye magani somin-taɓi ne kurum, aikin yana ga abin da jiki zai mai da shi, da kuma tsawon lokacin da zai bar shi ya zauna a cikin jini.

KAFIN ZUWANSA

Kakanninmu ba su zauna hannu rabbana ba. Suna da dogon yaro da rai-ɗore da ganyen gwanda da lemun tsami, a dafa a sha, a yi sirace, a yi wanka. Maganin Turawa na farko da ya shigo ƙasar nan, wato kwinin, shi ma ai sassaƙe ne, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka. A 1854 wani likita mai suna William Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin kullum, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Wannan na daga cikin abubuwan da suka cire wa Turawa tsoron shigowa cikin ƙasashenmu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai kulorokwin ya karɓi ragama. Wanda duk ya yi ƙuruciya kafin shekarar 2000 zai tuna ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. Yana da arha, kuma yakan daɗe a jiki, har makonni bayan an gama sha. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi wani babban gwaji a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Aka yi ta feshin maganin sauro a ɗakuna, aka raba wa jama'a magani, cutar ta ragu ƙwarai amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ana cikin haka sai ƙwayar cutar ta fara gagarar kulorokwin. Abin ya faro daga Asiya da Kudancin Amurka, ya iso Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ya iso Nijeriya a shekarun 1980. Sai ka ga yaro ya shanye magani tas, bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya dawo.

SIRRIN 523

Wannan gagara ce ta kai labarinmu ƙasar Sin. A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓin da ba ya jin kulorokwin ya yi ta kwantar da sojoji a daji, har shugabannin Biyetnam ta Arewa suka nemi taimakon Sin. Ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Mao ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani, aka sa masa suna 523 saboda watan da ranar. A 1969 aka ɗora wa wata mata mai suna Tu Youyou, ma'aikaciya a cibiyar nazarin maganin gargajiya ta Beijing, nauyin bin tsofaffin littattafai da bakin masu magani. Ita da mutanenta suka tara haɗe-haɗe sama da 2,000, suka gwada ruwan tsirrai kusan 200 a jikin ɓeraye.

Cikinsu akwai wani ganye mai ɗaci da ƙamshi da Sinawa ke kira qinghao, masana tsirrai kuma Artemisia annua. Wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Sai Tu ta koma wa littafin wani malami mai suna Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu, ta lura cewa shi bai ce a dafa ganyen ba, jiƙawa ya ce a yi a matse a sha ruwan. Nan ta yi tunanin ko zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta sake tatsar ganyen da wani ruwa mai suna ita, wanda ke tafasa a zafin da bai kai na jikin mutum ba. A watan Oktoba na 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ita da abokan aikinta biyu suka fara sha da kansu don a tabbatar ba guba ba ne, sannan aka gwada shi ga marasa lafiya 21 a tsibirin Hainan. Kafin shekarar ta ƙare sun ware tsantsar sinadarin, wanda duniya ta sani yau da suna atemisinin. Sai a 2015 aka ba ta kyautar Nobel, tana da shekara 84.

ABIN DA HANTA KE YI

To a nan ne gizo ke saƙar. Sinawa sun ga abin mamaki da abin takaici a lokaci guda. Ba a taɓa ganin maganin da ke saukar da zazzaɓi da sauri kamarsa ba, amma idan aka sha na kwana biyu ko uku aka daina, da yawa cikin marasa lafiyar sai cutar ta dawo masu cikin 'yan makonni. Me ya kawo haka?

Bari mu fara da yadda yake kisa. Ƙwayar maleriya tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta riƙa cin abin da ke cikinsu, kuma abin nan yana ɗauke da ƙarfe. Shi kuma atemisinin a jikinsa akwai wata 'yar gada ta iskar oksijin guda biyu a haɗe. Da gadar ta gamu da ƙarfen da ƙwayar cutar ta saki sai ta karye, ta fito da wasu sinadarai masu ƙuna da ke lalata ƙwayar daga ciki. Wato abincinta ne ke kunna mata wuta.

Amma jikin ɗan Adam bai san wannan alheri ba. Shi a wurinsa duk abin da ba abinci ba baƙo ne, kuma hanta ce mai sallamar baƙi. Abin da muka haɗiya yakan bi ta hanji ya shiga jini, jinin kuma sai ya ratsa ta hanta kafin ya zaga sauran jiki. A cikin hanta akwai wasu sinadarai masu aikin sassaƙa, suna gutsure wa magani wani sashe ko su liƙa masa wani, har ya zama abin da ruwa zai iya ɗauka, ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari. Atemisinin na asali ba ya narkewa sosai a ruwa, wanda ya samu shiga kuma hanta na maza ta kashe masa kaifi. Wani abin mamaki ma shi ne, idan aka jera kwanaki ana shan sa sai hantar ta ƙara yawan ma'aikatan da ke rusa shi, ta yadda abin da ke kaiwa jini a rana ta biyar ko ta bakwai bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ranar farko ba.

Saboda haka masanan Sin suka shiga gyara sinadarin. A 1973 Tu ta samar da wani nau'i da ake taƙaita sunansa da DHA, wanda ya fi na asali ƙarfi. Daga gare shi aka ƙera atemita a birnin Shanghai, da kuma atesunet a birnin Guilin a 1977. Waɗannan biyun idan sun shiga jiki, jikin ne da kansa ke mai da su DHA. Atesunet cikin 'yan mintoci yake rikiɗa a cikin jini, shi ya sa ya dace da allura ga wanda ya galabaita. Atemita kuwa sai ya bi ta hannun wani sinadarin hanta da ake kira CYP3A4. Ka ga a nan jiki ya zama abokin aiki, shi ke ƙarasa haɗa maganin. Sai dai hantar nan ba ta fasa halinta ba: tana liƙa wa DHA wani abu mai kama da sukari, ƙoda ta fitar da shi. Cikin kamar awa ɗaya rabin abin da ke jini ya tafi, bayan wata awar rabin sauran ya bi shi. Kafin awa takwas abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Ga lissafin. Ƙwayar cutar tana sabunta kanta duk bayan awa 48, kuma a kowane zagaye maganin na rage yawanta sau 10,000. Shan kwana uku yana riskar zagaye biyu, wato ragin sau miliyan 100 ke nan. Amma wanda cutar ta kama sosai yana iya ɗaukar ƙwayoyi har biliyan 1,000 a jikinsa. Idan ka raba za ka ga saura 10,000. Mutum zai ji garau, ya tashi ya koma gona, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Mafita biyu ce: ko a sha kwana bakwai cur, abin da mutane ƙalilan ke iya jurewa, ko a nemo masa abokin tafiya mai daɗewa a jiki. Abokin ma daga Sin ya fito. A shekarun 1970 masanan cibiyar binciken lafiya ta sojan ƙasar suka ƙera lumefantirin, wanda ba shi da sauri amma sai ya yi kwana uku zuwa shida kafin rabinsa ya bar jini. Aka haɗa shi da atemita a ƙwaya ɗaya, ɗaya ya yi sara, ɗaya ya tsaya yana share abin da ya rage. Kamfanin Novartis na Suwizalan ya fito da haɗin kasuwannin duniya da sunan Coartem a ƙarshen shekarun 1990, Nijeriya kuma ta ajiye kulorokwin ta koma wa irin wannan haɗi a 2005. A 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da asibitin Ilori. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin na atesunet kashi 8.5. Daga nan atesunet ya zama allurar farko.

Akwai wani abu game da lumefantirin da ya kamata kowace uwa ta sani. Shi a maiƙo yake narkewa, don haka idan aka sha shi da ruwa zalla a cikin da ba komai, kaɗan ne hanji ke ɗauka, sauran ya wuce. An auna an ga abinci mai maiƙo na iya ninka abin da ke shiga jini har sau 16, kuma ba maiƙo mai yawa ake bukata ba. 'Yan kurɓin nono ko kindirmo, ko kunun gyaɗa, ko nonon uwa ga mai shan mama, sun wadatar. Mu da Allah Ya hore wa shanu da gyaɗa, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

SHEKARAR DA MAGANI YA ƘI CI

A farkon 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, jijjiga, shiɗewa, sai rasuwa. Kowa ya ɗauka zazzaɓi ne ya hau kai, ko kuma sanƙarau. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka iso a watan Maris sun ba da maganin maleriya, amma yaran ba su farfaɗo ba. Da yake an san saurin aikin wannan magani, ƙin cinsa ya zama alama cewa wani abu ne daban. Aka lura cewa a cikin gidaje ake daka da niƙa duwatsun zinariya, aka aika jini Jamus, sakamako ya dawo: gubar dalma ce. A Dareta da 'Yargalma kaɗai binciken da aka yi gida-gida ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara kusan 400, a ƙauyuka irin su Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega.

Na kawo wannan ne domin dalma ita ce kishiyar tazargaden Sin a cikin jiki. Shi hanta na kore shi cikin awoyi, ita kuwa hanta ba ta da yadda za ta yi da ita, domin ƙarfe ce, ba ta rushewa. Jiki yana ɗaukar ta tamkar sinadarin da ke gina ƙashi, ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye. A jini takan yi kamar wata guda kafin rabinta ya ragu, a ƙashi kuwa shekaru gommai. Hanjin yaro kuma ya fi na babba ɗaukar ta sau huɗu zuwa biyar.

Maganin da aka ba yaran, wato DMSA, ba na ganye ba ne, amma shi ma ya bi ta hannun Sinawa. A shekarun 1950 masana a Shanghai suna neman makarin wani magani mai guba da ake yi wa masu tsargiya, suka gano cewa wannan sinadari yana kama ƙarfe mai guba ya fitar da shi. Shi ma sai jiki ya sarrafa shi: yana haɗuwa da wani sinadarin jiki mai suna sistin, ƙoda ta fitar da shi tare da dalmar da ya kamo. Amma abin da ke jini da tsoka yake iya kaiwa gare shi. Da an gama sha sai ƙashi ya sake sako tasa, jini ya sake ɗauka, dole a maimaita. Kuma ba ya da amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasa mai guba, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai a 2013. Kafin MSF ta miƙa shirin ga hukumomin jiha a 2022, yara sama da 3,000 sun sha wannan magani, wasu shekara da shekaru.

TO, ME ZAI HANA MU JIƘA TAZARGADE?

Wannan tambaya ta yi ƙarfi a 2020, lokacin korona, sa'ad da shugaban Madagaska na lokacin Andry Rajoelina ya fito da wani jiƙo na wannan ganye, tazargade ya yi tsada a kasuwanninmu. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: ai Ge Hong jiƙawa ya yi, kuma talaka bai da kuɗin kemis kullum. Ban raina hujjar ba, amma ina ganin tarihin da muka bi ya amsa ta.

Da farko, sunan tazargade ya haɗa dangi da yawa, kuma ba kowanne ke ɗauke da atemisinin ba. Ko a ganyen Sin ɗin ma yawan sinadarin ya danganta da iri da ƙasa da lokacin yanka da yadda aka adana. Na biyu, an gwada. Wani bincike da aka yi a Jamus aka wallafa a 2004 ya auna lita guda ta shayin ganyen, aka samu kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da likita ke bayarwa a rana. A wani gwajin kuma na ƙasar Kwango da aka wallafa a shekarar, zazzaɓi ya sauka wa yawancin waɗanda suka sha, amma da yawa ya dawo masu. Ba abin mamaki ba ne: kaɗan ne ya shiga, hanta ta kore shi da wuri, kuma babu abokin da zai tsaya shara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayin ko garin ganyen don maganin maleriya.

Haɗarin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba. Ƙwayar cutar da ta ɗanɗani magani kaɗan ba ta mutu ba, ita ce ke haifar masu taurin kai. A 2008 da 2009 aka tabbatar da ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa a yammacin Kambodiya, inda aka daɗe ana shan atemisinin shi kaɗai. A 2020 aka ba da rahoton irinsu a Ruwanda, a 2021 a Yuganda. Hanyar da gagarar kulorokwin ta biyo ke nan kafin ta iso mana.

Ilimin nan kuma bai tsaya ba. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina, wanda aka fara a Zamfara da Sakkwato a 2015, an zaɓe shi ne daga masu daɗewa a jini, domin ya tsare yaro har wata ya zagayo. A 2025 kuma hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da wani nau'in Coartem na jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa 5, wanda aka sauya ma'auninsa saboda hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu ɓantarar ƙwayar babba mu ba jinjiri.

Saboda haka roƙona ga iyaye a Anka da Gummi da Bukkuyum da ma ko'ina shi ne, a fara gwada jini kafin a ba da magani. Idan maleriya ce, a ba da na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma har kwana biyu, kowanne da ɗan nono ko abu mai maiƙo. Ko yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, kada a ɓoye sauran don ƙanensa. Idan kuwa an sha kwana biyu ba sauƙi, ko yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan komai, a garzaya asibiti, domin mutanen Dareta da 'Yargalma sun riga sun shaida mana cewa ba kowace jijjiga ce ta sauro ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan yaran da muka rasa. Mu kwana nan.